Kujerar Iya a Jirgin Jidda

Kwanakin baya aka sake faɗa a rediyo cewa gwamnati na shirin kafa wani kamfanin jirgin sama na ƙasa. Muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida bayan La'asar, sai kowa ya juyo yana kallona kamar ni zan sa hannu a takardar. Maƙwabcina, wanda ba ya iya ganina zaune lafiya, ya ce, "To Mai Jirgi, sai a ciro tsohuwar hular aiki a wanke." Na ce masa hular tana can gonar shinkafata a kan mutum-mutumi tana korar tsuntsayen jan-baki, kuma ta fi amfani a can fiye da yadda ta yi a kaina. Aka yi dariya, aka koma zancen tsadar taki.

Ni dai ba na cikin masu zagin tsohon kamfanin nan, ko da yake na fi kowa sanin halinsa. Shi ya ciyar da ni, a cikinsa na yi aure, a cikinsa na yi furfura. Da ya mutu na tattara na dawo gida Haɗeja, na kama shinkafa da damina, alkama da rani, kuma alhamdu lillahi ban taɓa kwana da yunwa ba. Amma in aka tambaye ni abin da kamfanin ya yi mini wanda ba zan manta ba, ba albashi ba ne, ba kuma zuwa Landan ba. Kujera ɗaya ce da ya ba mahaifiyata, bayan ya gama gasa mana aya a hannu.

Aikina a kantar karɓar fasinja yake, a filin jirgi na Kano. Ni ke karɓar tikiti, in ɗora kaya a sikeli, in miƙa wa fasinja katin shiga jirgi. Lokacin da na fara, kamfanin yana ji da kansa. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, jirage sababbi fil, fenti fari da kore yana ɗaukar ido. Ana zuwa Legas da Maiduguri da Sakkwato kamar zuwa kasuwa, ga Landan, ga Jidda. In lokacin Hajji ya zo kuwa, filin nan sai ya koma gari guda, da masu tuwo da masu wankin hula. Da na sa kakin aiki na shigo Haɗeja hutu, tsofaffi sukan tsayar da ni su tambaye ni ko gaskiya ne akwai bayan gida a cikin jirgi, kuma in akwai, a kan wa yake zuba.

Sai dai abin gwamnati ne. Na kowa ne, wato duk wanda ya fi ka girma ya fi ka iko da shi. Kana gab da rufe jirgi sai ga wani ya shigo da zugar 'yan rakiya da 'yar takarda daga sama, dole a nemo musu wuri. Tikiti kuma a sayar fiye da kujerun da ke ciki. Shi ya sa ko ka riƙe kati a hannu, ba ka da tabbas sai ka ji ka zauna. Da an buɗe ƙofa fasinjoji sai gudu a kan kwalta, manyan mutane da manyan riguna, kowa ya tattare. Mu da ke kanta mu ke shan zagin. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin zagi ba. Wanda ya faɗa mini ɗaya nakan mayar masa da biyu, manaja ya kira ni ofis, in ba da haƙuri, gobe in sake.

A shekarun da zan ba da labarinsu abin ya fara lalacewa. Jirage sun ragu, wasu suna kwance a gefen fili har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, injiniyoyi suna cire kayan wannan suna liƙa wa wancan. 'Yan kaɗan da suka rage su ke zaga ko'ina, don haka kujera ta yi tsada kamar ruwa a watan bazara. Duk da haka akwai alheri ɗaya da kamfanin bai janye wa ma'aikatansa ba, shi ne tikitin iyali. Kowace shekara kana da damar ɗaukar matarka ko iyayenka zuwa duk inda jirginmu ke sauka, kusan kyauta. Amma da sharaɗi: sai duk mai cikakken tikiti ya shiga, in an ga kujera ta yi saura, sannan a kira ka. Mu a tsakaninmu "sai an rage" muke ce masa.

Mahaifiyata, Iya, sana'arta bandar kifi. Masunta su kawo mata tarwaɗa da karfasa daga fadama, wani lokaci har daga wajen Baturiya, ta gyara, ta nannaɗe, ta jera a kan waya, hayaƙi ya yi ta aikinsa. Duk unguwarmu in ka ji ƙamshin banda da sassafe, daga gidanmu ne. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Sai dai ta faɗa wa matata ina zaune ina ji. Da na sami aiki ta huta, ta laƙaba mini Mai Jirgi, sunan ya bi ni har yau da nake da jikoki.

Iya tana da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ita ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Iya tana 'yar ƙarama yayar ta bi mijinta suka nufi gabas, a zamanin da ake zuwa Makka ta ƙasa. Danginmu asalinsu daga wajen tafkin Chadi suke, hanyar gabas ba baƙuwarsu ba ce. Suka ratsa ta Chadi da Sudan, suna tafiya suna tsayawa neman guzuri, har suka ƙetare teku. Suka sauke farali, sai zama ya kama su a Jidda. Mijin ya rasu a can, 'ya'ya suka girma a can, ita kuma ba ta sake taka Haɗeja ba. Labarinta sai a bakin alhazai. Wannan ya ce ya gan ta, ta ba shi dabino ya kawo, wancan ya ce ya nemi gidan bai samu ba.

Wata shekara wani alhaji ya dawo da kaset. Na zo hutu, aka aro rakoda, aka kunna a tsakar gida. Muryar tsohuwa ce, Hausarta ta cakuɗe da Larabci, tana gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun daɗe a kabari. Can ta ce idonta ya tafi, ƙafa ma ta fara ƙi. Ta ce in ƙanwarta tana da rai, tana so ta ji ta kusa da ita kafin a kira ɗayansu. Iya tana juya kifi a kan waya, ba ta ɗago ba. Da kaset ya ƙare ta ce wa matata, da ƙarfi yadda zan ji, "Wai shi Mai Jirgin nan, jirgin nasu ba ya ɗaukar masu warin kifi ne?"

Maganar ta shige ni. Na koma Kano na yi mata fasfo, na nemi bizar Umara, na karɓi tikiti biyu, nata da nawa. Na dawo na zauna a gabanta na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce, "Iya, wannan tikiti ba kamar na sauran mutane ba ne. Za mu je filin jirgi, in an sami wuri mu shiga, in ba a samu ba mu dawo mu sake gwadawa. Don Allah kada a gaya wa kowa tukuna." Wallahi na faɗa, matata shaida ce. Iya ta ce, "To." Ashe daga "za mu je" ta daina saurare.

A garinmu mai tafiya ƙasa mai tsarki ba ya sulalewa. Sai ya bi gida gida ya yi sallama, ya nemi gafarar duk wanda suka taɓa saɓawa, don ba a san ko za a dawo ba. Ina juya baya Iya ta ɗauki mayafi ta fara. Ta shiga gidan matar da suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda rikicin akuya, suka rungume juna suna kuka. Ta bi masuntan da take sayen kifi a wurinsu har bakin ruwa. Ta ba da aron tukwanenta, ta ba da ajiyar kajinta. Aka yi ta kawo guzuri, wannan ƙuli-ƙuli, wannan dakakken yaji, aka kuma yi ta ba da sallahu: mai son zamzam, mai son carbi, mai son a ambaci sunanta a gaban Ka'aba. Ranar da na zo ɗaukarta na tarar unguwa ta cika kamar ana suna. Aka raka mu tasha, liman ya yi addu'a, mata suna share hawaye, mota ta tashi.

A cikin mota na kasa haƙuri. Na ce, "Iya, ba na ce kada a faɗa ba?"

Ta kalli taga ta ce, "Ji wata magana. In tafi ɗakin Allah da haƙƙin mutane a wuyana?"

Lokacin kuwa azumi ya ƙarato, kowa yana son Umara. Ban ɗauki hutu ba, na bar shi sai ranar da muka dace. Jakata tana ƙarƙashin kanta, wani abokin aiki yana shirye ya karɓe ni. Ranar farko na zaunar da Iya inda zan riƙa hango ta, na kama aiki. Da hannuna na cika jirgin nan har kujerar ƙarshe. Aka rufe ƙofa, ya tashi, ƙararsa ta girgiza gilashi. Na zo na ce, "Iya, yau ba a rage ba." Ta miƙe ta naɗe tabarmarta.

Jirgin Jidda ba kullum yake tashi ba, sai mu jira ranarsa ta zagayo. Muka koma, aka ce ya tsaya a Legas ana gyara. Muka sake komawa, kujeru suka yi saura har na fara murmushi ina yi wa Iya alama ta tashi, sai ga ayarin wani babba da takardarsu. Na bi manaja har ofis na ce, "Yallaɓai, tsohuwar can da kake wucewa kullum uwata ce. Su waɗannan bara ma sun je, baɗi ma za su je." Ya ce, "Ni ma aiko ni aka yi." Abin da na mayar masa ba zan rubuta shi ba, amma saura kaɗan ya ci aikina. Allah Ya sa shi ma yana da uwa.

Da na ga abin zai ja, na ce mu mayar da ita Haɗeja ta huta, in azumi ya wuce an sami sauƙi sai in je in ɗauko ta. Kai, kamar na zage ta! Ta juya wajen matata ta ce, "Gaya masa ba inda za ni. Na yi sallama da gari, an yafe mini, na yafe. In koma in ce musu me? A dawo mini da kajina, Makka ta cika? Matar nan mai akuya ta yi mini kuka a kafaɗa, so yake ta yi dariyar da ba ta taɓa yi ba?"

Na ce, "Haba Iya, ai ba laifinki ba ne, kowa zai gane."

Ta ce, "Wanda aka raka tasha da addu'a gaba yake yi. In gawata ce, a mayar."

Ni na san ba kunyar mutane kaɗai ba ce. Tsoro take ji. In ta koma gida ta zauna, tafiyar na iya bin ruwa, wani alhaji ya zo da labarin rasuwa maimakon kaset. Kullum da safe sai ta sa matata ta kunna mata muryar yayarta, har zaren kaset ɗin ya fara ja.

Zaman Kano kuma ya zo da tasa matsalar. Gidana masaukin Haɗejawa ne, duk fataken kifin da suka kawo kaya kasuwa a wurina suke shan ruwa. Da Iya ta ji sallama da harshen gida, sai ta kwashi takalmanta ta shige ƙuryar ɗaki ta ja labule. Wata rana wani dillalin kifi, maƙwabcinmu na jikin katanga a Haɗeja, ya zauna yana ta sa mini albarka. Ya ce, "Yanzu haka Hajiya tana can tana ɗawafi." Na ce, "Tana hanya dai." Ya ce, "Allah sarki! Jiya ma maiɗakina ta yi mafarkinta cikin fararen kaya." Sai ga tari daga ƙurya, tarin hayaƙin banda wanda duk unguwarmu ba wanda bai san shi ba. Mutumin ya ɗago kai. Ya kalli labule, ya kalle ni. Ya shanye ruwansa ya ce, "Wannan mura ta Kano ba ta da kyau, a ba iyali citta." Ya tafi, kuma har ya koma ga Allah ban ji ya faɗa wa kowa ba. Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne, ko da yake a ciniki ba shi da tausayi.

Filin jirgi kuwa Iya ta mayar da shi gida. Masu shara suka san ta, 'yan dako suka san ta. Tana zaune tana kallon yadda muke aiki, da yamma ta yi wa matata sharhi. Wai 'yan kamashon tashar Haɗeja sun fi mu tsari, don su in mota ta cika sukan ce ta cika. Wai matuƙan suna tafiya kamar su suka ƙera sama. Kifin da ta yi wa yayarta banda na musamman kuwa, sai ta buɗe kwalin ta shanya shi a bayan gidana kada ƙwari su shiga. A filin ne ta saba da wata ma'aikaciyar cikin jirgi, 'yar Birniwa ta can wajenmu, wadda ta ji harshen Iya ta tsaya ta gaishe ta har ƙasa. Daga ranar duk saukowarta sai ta zo ta zauna kusa da ita, tana ce mata Iya kamar ita ta haife ta.

Ranar da abin ya yiwu da hantsi ne, an riga an kama azumi. Na gama da masu cikakken tikiti, na duba, na sake dubawa. Kujera ɗaya. Na tsaya ina kallon katin nan kamar zai haihu. Matar da ba ta taɓa wuce Kano ba, ba ta karatun boko, ba ta jin Larabci sai na salla, ta yaya zan sa ta a jirgi ita kaɗai zuwa wata ƙasa? Na je na durƙusa na ce, "Iya, ɗaya aka rage. Mu haƙura, wataƙila nan gaba a sami biyu."

Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Kai aka ce ana so a ji kusa? Ba ni katin."

'Yar Birniwa tana cikin ma'aikatan jirgin ranar. Ta ce, "Yaya, ka bar mini ita. Da hannuna zan miƙa ta ga 'ya'yan yayarta." Na yi mata kwatancen gidan kamar yadda alhazai suka kawo. Na ɗora kwalin kifi a sikeli, na ɗaura masa alama, na miƙa wa Iya kati. Na ce, "In an buɗe ƙofa kada ki tsaya gaisuwa. Kati ba kujera ba ne." Ta ce, "Yau na fara ganin abin naku?"

Aka buɗe ƙofa, ina tsaye jikin gilashi. Iya ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta ɗora jakarta a ka, ta saki hannu. Ba gudu ta yi ba, irin tafiyar nan ce ta matan fadama in sun ɗauko kaya hadari ya taso. Ta wuce wani mai babbar riga, ta wuce wani mai jakar ofis yana haki, ta kama matakala. Ina jira ta waiwayo in ɗaga mata hannu. Ba ta waiwayo ba. Abokan aikina suna tafi suna dariya, ni kuwa na koma bayan kanta na yi kamar ina neman wani abu a ƙasa, don hawaye ya zo mini.

Da 'yar Birniwa ta dawo ta ce sun sauka lafiya, 'ya'yan yayar sun karɓe ta, har sun kai ta ta yi Umara. Ban aika Haɗeja da labari ba, don a wurinsu ta daɗe da isa.

Mun yi da Iya ba za ta daɗe ba, mako guda da 'yan kwanaki. Dawowa ma "sai an rage" ne, amma ban damu ba, don a cikin azumi masu tafiya ne da yawa, masu dawowa kaɗan. Ranar ta zo, jirgi ya sauka, na tsaya a ƙofar fitowa har mutum na ƙarshe. Babu Iya. 'Yar Birniwa ta ce, "An ce a gaya maka babu kujera." Wani jirgin ya zo, saƙon bai canja ba. Hankalina ya tashi. Ga biza tana da iyaka, ga tsohuwa a ƙasar mutane. Na shiga ofis na buga wa ma'aikatanmu na Jidda saƙon teleks mai zafi, na tambaye su ko su ba uwa ce ta haife su ba. Amsa ta dawo a taƙaice, wai ba su ga fasinja mai wannan suna ta zo ba sam.

Na tare 'yar Birniwa a gindin matakala na ce ta gaya mini gaskiya. Ta rufe baki da hannu tana dariya. Ta ce, "Yaya, jirgin nan fanko muke dawowa da shi, fasinja har kwanciya yake a kan kujera uku. Iya ce ba ta zuwa. Duk zuwana sai na leƙa gidan, in tarar da su biyu a kan tabarma ɗaya, kai da kai. In ce ta shirya, ta ce in ce maka babu kujera. Ta ce kai ka koya mata."

Na rasa wanda zan yi, fushi ko dariya. Na yi duka biyun, sannan na koma na ba mutanen Jidda haƙuri.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah Iya ta sauko, da jarkar zamzam da buhun tsaraba. Ta rame, amma fuskarta a sake. Washegari da safe muka kama hanyar Haɗeja a motar da na aro, mu biyu kaɗai, tana zaune a baya. Muka wuce Gujungu. Ruwa ya janye daga fadamu, alkama ta yi kore shar, belbela suna bin shanu.

Na ce, "Iya, an ce jirgin fanko ya riƙa dawowa."

Ta ce, "Na yi istigfari a inda ake karɓa." Sai ta ci gaba, tana kallon waje.

"Ranar da na isa yayata ta shafa fuskata, ta shafa, ta ce na tsufa. Na ce ita fa? Da muka sha ruwa sai ta ce, 'Ɗauke ni daga ƙofar gidanmu ki kai ni bakin kogi. A hankali, kada ki tsallake gida ko ɗaya.' To ka ji aikin da na zauna yi, ina zagawa da ita Haɗeja da baki. In ce ga gidan wane. Ta ce yana nan? In ce ya rasu. Sai mu tsaya mu yi masa addu'a. Ta ce matarsa fa, mai dogon wuyan nan? 'Ya'yan fa, wa suka aura? Tsamiyar ƙofar gidansu tana nan? In na ce an sare, sai ta yi fushi kamar ni na sare. Wani gidan mu wuni a cikinsa. Gidan masu saƙar tarun kamun kifi har kwana muka yi ba mu fita ba, don ashe akwai wanda ya so ta a gidan, ni ban taɓa sani ba." Ta yi 'yar dariya. "In na yi kuskure ita ke gyara mini. Ta ce a'a, kafin rijiya akwai lungu. Lungun da aka toshe tun ba a haife ka ba."

Na rage gudu saboda garken shanu yana ƙetare titi.

Ta ce, "Yarinyar nan 'yar Birniwa ta zo ta ce jirgi, muna masallacin unguwa. Ta sake zuwa, muna wajen marina. Ta yaya zan ajiye makauniya a tsakiyar hanya in hau jirgi?"

Na ce, "Kun kai?"

"Mun kai, da hantsi. Na ce mata ga gangaren, ga kwale-kwale a ɗaure, ga mata suna wanki. Ta ce a kawo mata ruwa a roba. Jikarta ta kawo. Ta tsoma ƙafafunta a ciki. Can ta ce, 'Bai kai namu sanyi ba.' Sannan ta lalubo hannuna ta ce, 'To, na iso. Ke kuma tashi ki tafi, kada ki rasa Sallah a gida.'"

Alhazan da suka tafi a wannan shekarar sun nemi gidan, sun samu, amma ba su tarar da yayar Iya da rai ba. Da aka zo wa Iya gaisuwa ba ta yi kukan da muke tsoro ba. Duk wadda ta ce, "Allah sarki, ta rasu a baƙon wuri," sai Iya ta girgiza kai ta ce, "A'a. A bakin kogi na bar ta."